Falsafa a Ajin Ƙarshe: Tsakanin Lisen Yamai da Zauren Malam

Akwai wata mas'ala wadda takan taso a gidajen Musulmi na birnin Yamai kowace shekara, daidai lokacin da yaro ko yarinya suka haye ajin ƙarshe na makarantar sakandare, wanda a nan muke kira tarminal, suka komo gida da sabon kaye an rubuta masa filo, watau falsafa, a bango. Kuma ko da yake iyaye da yawa ba su furta ta da baki, don gudun kada a ce sun tsoma baki cikin abin da ba su karanta ba, duk da haka tana nan kwance a zukatansu, ita ce: shin ya halatta, ko kuwa ya dace, a ɗauki ɗan Musulmi mai shekara 18 ko 20, wanda ko Risala bai sauke ba, a zaunar da shi shekara guda cur ana koya masa yadda ake tuhumar kowace magana da shakka, har da maganar da aka yi masa huɗuba da ita a kunne ran da ya zo duniya? Na daɗe ina jin wannan zance yana yawo a unguwarmu ta Bobiel, daga ƙofar masallaci zuwa wurin suna da zaman makoki, na kuwa lura galibi akan yanke masa hukunci tun ba a saurari shaidu ba. Wani ya ce kafirci ne tsagwaronsa aka yi wa riga da Faransanci, wani ya ce ai wayewar kai ke nan, wanda ya ƙi ta ya ƙi zamani. Alhali kuwa malaman usulu sun riga sun koya mana cewa ba a hukunta abu sai an fahimci surarsa tukuna, saboda haka wajibi ne mu fara da sanin makarantar da ake wannan karatu a cikinta, da inda aka samo ta, da abin da aka nufa da ita tun asali.

Sa'ad da Faransawa suka ɗauke babban birnin mulkinsu daga Damagaram suka kawo shi Yamai a 1926, ba su zo da niyyar yaye masana ba, domin bukatarsu a lokacin ba ta wuce akawun da zai riƙe littafin haraji ba, da tafintan da zai tsaya tsakanin kumandan da talakawa, da ɗan mushen da zai koya wa na baya abin da aka koya masa. Wanda ya yi fice cikin 'yan lakwal ɗin wancan zamani sai a ɗauke shi a kai shi makarantar William Ponty a Sinigal, wadda ta zauna a tsibirin Gore kafin a mayar da ita Sebikotan a 1938, kuma ta wannan hanya ce Boubou Hama da Diori Hamani da Djibo Bakary suka bi, mutanen da daga baya ragamar siyasar ƙasar ta faɗo hannunsu. Sai bayan yaƙin duniya na biyu, da aka sake tsarin dangantakar Faransa da ƙasashen da take mulka a 1946, aka soma buɗe makarantun sakandare masu bin manhajar Faransa sak, da jarrabawarta, da littattafanta. Kolejin Yamai ta girma a hankali, bayan samun mulkin kai a 1960 ta shahara da sunan Lise Nasiyonal, daga bisani aka raɗa mata sunan Issa Korombe, jarumin nan na Zabarmawa wanda ya faɗi a yaƙin Bumba a 1896. Ya kamata mai karatu ya tuna cewa a ranar da aka ɗaga tutar Nijar, yaran da ke makarantar boko a ƙasar ba su kai 5 cikin 100 ba, saboda haka wanda ya kai ga ƙofar wannan lise ya zama zaɓaɓɓe cikin zaɓaɓɓu, gwamnati tana jiransa da ofis tun bai aje alƙalami ba.

Tsarin karatun kuwa sananne ne ga duk mai ɗa a makaranta: shekara 4 a koleji a yi jarrabawar birbe, shekara 3 a lise a yi jarrabawar bak, a raba yara tun ajin farko na lise, masu adabi su nufi A, masu lissafi da kimiyya su nufi C ko D. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne wannan tsari ya girme mu duka, domin Napoleon ne ya kafa makarantun lise a Faransa a 1802, aka fito da jarrabawar bak a 1808, kuma tun cikin wancan ƙarni Faransawa suka riƙi wata al'ada wadda ta bambanta su da Ingilishi, watau a rufe karatun sakandare da shekarar falsafa, bisa zaton cewa yaron da ya tara ilmi iri iri bai kammala ba sai ya zauna ya tambayi kansa mece ce gaskiya, mene ne hankali, mene ne adalci, kuma da wane haƙƙi hukuma take mulkin mutane. Da suka cire karatun addini daga makarantun firamare na gwamnati a 1882, suka kuma raba coci da hukuma a 1905, sai nauyin da ke kan wannan aji ya ƙaru, domin shi ne ya rage a matsayin wurin da makaranta ke yi wa yaro magana a kan manyan al'amuran rai. A can ƙasarsu wannan aji jinka ce da aka ɗora bisa bangon da aka daɗe ana ginawa da Girkanci da Latin da tauhidin Kirista, har wanda ya fito yana jayayya da coci ma da kayan aikin coci yake jayayyar. Da aka zo nan sai aka ɗauko jinkar kaɗai aka kifa ta bisa wani bango dabam, wanda aka gina da allo da tawada da Ahalari da Ishiriniya, ba wanda ya tsaya ya auna ko bakin ya yi daidai.

To, a nan ne nake ganin ɓangarorin biyu na masu gardamar unguwa sun yi tarayya cikin kuskure guda, domin dukansu sun ɗauka cewa Nasara ne ya fara kawo wannan mas'ala ƙasarmu, alhali ta riga shi zuwa da shekara ɗari huɗu. A ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almagili, mutumin Tilimsana, ya ratso Sahara ya biyo ta ƙasar Azbin, ya zauna Kano wurin Sarki Muhammadu Rumfa, ya je Katsina, ya kuma isa Gawo wurin Askiya Muhammadu. Wannan malami, wanda ba a taɓa zarginsa da sassauci cikin addini ba, bal ma da tsanani aka san shi, ya kasance ma'abocin ilmin mandiƙi, yana karantar da shi yana wallafa littattafai a kansa. A daidai zamanin kuma Imam Jalaluddini Suyuɗi na Masar, wanda tafsirinsa na Jalalaini ake ja mana kowane azumi, wanda kuma ya yi wasiƙa da sarakunan Agadas da Katsina, yana ganin mandiƙi haramun ne, har ya keɓe masa littafi don tsoratar da mutane daga gare shi. Malaman nan biyu suka yi musayar raddi da baitoci, Almagili yana kafa hujja da cewa mandiƙi ma'auni ne na gyara tunani, kuma gaskiya ana karɓarta ko daga hannun wa ta fito, Suyuɗi kuwa yana kafa tasa da cewa magabata sun wadatu ba tare da shi ba, kuma ba a ɗauko ma'aunin addini daga waɗanda ba su yi imani da shi ba. Duk abin da za ka ji ana faɗi yau a bakin masallacin Bobiel, ko na masu so ko na masu ƙi, waɗannan bayin Allah biyu sun riga sun faɗe shi, da ilmin da ya fi namu da ladabin da ya fi namu, kuma ba a ji ɗaya ya fitar da ɗan'uwansa daga Musulunci ba.

Abin da ya fi wannan ban sha'awa shi ne matsayin Shehu Abdurrahmani Al'ahdari, malamin ƙasar Aljeriya na ƙarni na 16, wanda kusan babu ɗan makarantar zaure a ƙasar Hausa da bai fara sanin hukuncin tsarki da ƙabli da ba'adi daga ɗan littafinsa ba, har muka mayar da sunansa sunan littafin muka ce Ahalari. Shi wannan malami da muka amince masa ya koya wa 'ya'yanmu alwala, shi ne kuma ya tsara Sullamu, waƙen da ya tattara ƙa'idojin mandiƙin da asalinsu ke komawa ga Arisɗo Bagirke, kuma a cikinsa ya ambaci saɓanin malamai a kan karanta wannan fanni: ya kawo cewa Ibnu Salahi da Nawawi sun haramta, wasu sun ce ya kamata a sani, sa'an nan ya rinjayar da cewa ya halatta ga mai lafiyayyen hankali wanda ya riga ya goge da Alƙur'ani da Sunna. Ka ga ashe bai buɗe ƙofar ga kowa ba, bai kuma rufe ta ga kowa ba, sai ya sa mata sharaɗi. Kuma wannan sharaɗi, a ganina, shi ne zuciyar mas'alar baki ɗaya.

Haka za ka tarar in ka bi sawun manyan da suka gabace shi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ba da labarin kansa yadda shakka ta kama shi wajen wata biyu har ya daina amincewa da abin da idonsa ke gani da abin da hankalinsa ke hukuntawa, fiye da shekara ɗari biyar kafin Descartes ya wallafa nasa littafin a 1637 wanda yau ake buɗe wa yaranmu shekarar filo da labarinsa. Ya karanci littattafan mafalsafa har ya ƙware, ya rarrabe fannoninsu, ya kafirta su cikin mas'aloli uku, watau cewa duniya ba ta da farko, da cewa Allah ba ya sanin ɗaiɗaikun abubuwa, da musun tashin jikkuna ran ƙiyama, amma ya ja kunnen Musulmi da cewa wanda ya ƙaryata lissafi da hisabin husufin rana da na wata da sunan kare addini ya cuci addinin fiye da maƙiyinsa, har ya sa muƙaddima ta mandiƙi a goshin littafinsa na usulul fiƙhi. Ibnu Rushdi kuma, alƙalin Ƙurɗuba, Bamalike irinmu, wanda ya rasu a 1198, ya ɗauki tambayar ya zuba ta cikin ma'aunin fiƙihu, ko nazarin falsafa halal ne, ko haram, ko abin da aka yi umurni da shi, ya fito da cewa shari'a ta yi kira zuwa gare shi ga wanda ya cancanta, amma shi da kansa ya hana a kwashe zurfafan tawili a zube wa wanda bai da kayan ɗaukarsu. Mutanen nan biyu da aka sani da saɓa wa juna sun haɗu a kan cewa ilmi yana da matakai, kuma mai hawa yana bukatar jagora.

Kada kuma a ce wannan duk zancen Larabawa ne na nesa. Ƙaramin littafin tauhidi na Shehu Sanusi, wanda aka daɗe ana karantawa a zaurukanmu, da rabe-raben hukuncin hankali yake farawa, wajibi da mustahili da ja'izi, kafin ya ambaci sifa ko ɗaya ta Ubangiji, watau dai ɗalibi yana shiga tauhidi ta ƙofar nazari. Har aka kai wani zamani da wasu almajirai suka wuce gona da iri cikin wannan, suna tare talakawa da tambayoyin ilmin kalami, wanda ya kasa kawo dalili su ce imaninsa bai inganta ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya ƙara masa yarda, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Nijar ta yau a 1754, ya kuma yi karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, shi ne ya tashi ya yi musu raddi da littattafai masu yawa, yana kare imanin manomi da tsohuwa, yana cewa ba a ɗora wa kowa abin da aka ɗora wa masana. Duk da haka a cikin gidansa ne aka sami jikansa Abdulƙadiri ɗan Tafa, ɗan 'yarsa Hadiza, wanda aka haifa a 1804 ya rasu a 1864, ya zauna a Salame yana karantarwa, ya nutsa cikin hikima da falsafa ya yi wallafa a kansu, har Bature matafiyi Barth ya ambace shi cikin mafiya ilmin mutanen zamaninsa. Gida ɗaya ya haɗa mai kare imanin jama'a daga masu tsananta hujja da mai bin hujja har ƙarshenta, ba a kuwa ga wani tufka da warwara cikin haka ba.

In mun dawo Bobiel da wannan ma'auni a hannu, me za mu tarar? Duk wanda ya ratsa lungunan unguwar nan da dare cikin watannin bazara, lokacin da zafi ke hana zaman ɗaki jarrabawa kuma ta ƙarato, zai ga samari sun jingine baƙin allo a bangon wani gida inda fitilar mai kanti ke kaiwa, butar shayi tana kan gawayi, ɗaya yana tsaye da alli sauran suna zaune bisa benci da kaye a cinya. Wani dare na tsaya wurin irin wannan taro na 'yan tarminal, na tarar sun raba allon gida uku, sun rubuta tambaya a sama a kan ko addini yana tauye 'yancin ɗan Adam, a gida na farko an jera sunayen Marx da Freud da Nietzsche, kowanne da 'yar jimlarsa da aka haddace, a na biyu an jera Pascal da Bergson, na uku kuwa an bar shi fili. Na ce wa mai riƙe da allin, ɗan wani maƙwabcina, “Samari, kai fa me ka gani cikin wannan magana?” Ya rusuna ya ce, “Baba, ai ba ra'ayinmu ake tambaya ba. Mushe ya ce in ka kawo maganar manya uku a tez, uku a antitez, ka sulhunta su a ƙarshe, ka sami mwayen ɗinka.” Tez ɗin nan ita ce maganar da aka kafa, antitez kuwa raddinta, mwayen kuma ita ce maki 10 bisa 20. Suna cikin haka aka kira lisha, suka aje alli suka yi alwala da ruwan butar da ke gefe, suka bi sahu.

Na daɗe ina tunanin wannan amsa, domin ta nuna mini cewa abin da iyaye ke tsoro da abin da 'yan boko ke alfahari da shi, galibi duka biyun ba su aukuwa. Yaron bai kafirta ba, bai kuwa yi falsafa ba. Hadda ya yi, irin wadda ya saba tun makarantar allo, sai dai wancan karon ya haddace maganar Allah don ya yi salla da ita, wannan karon ya haddace maganar Nietzsche don ya ci jarrabawa da ita, ya kuma gina katanga tsakanin biyun don kada ɗaya ta leƙa ɗaya. Malaman tauhidi suna da suna ga wanda ya riƙi magana ba tare da sanin dalilinta ba, suna ce masa muƙallidi, kuma abin mamaki ne a ce ajin da aka kafa musamman don yaƙi da taƙalidi shi ne ke yaye muƙallidai biyu cikin ƙirji ɗaya. Ban ɗora laifin wannan a kan mushen filo ba, mutumin da ke tsaye gaban aji cike maƙil, da manhajar da dole ya ƙare kafin damina, da tarin takardun da zai gyara. Na san cikinsu akwai masu himma waɗanda ke tayar da hankalin yara zuwa ga tunani na haƙiƙa. Amma tsari ya fi ƙarfin mutum guda. Hatsarin kuwa yana ga ɗan ƙalilan ɗin nan masu kaifin basira waɗanda katangar ba ta tsaya musu ba, waɗanda suka ɗauki tambayar da gaske suka kwana da ita. Irin wannan yaro in ya kai shubuharsa wurin mushe sai a ce masa makarantar gwamnati ba wurin wa'azi ba ce, in ya kai ta wurin malamin unguwa sai a ce ya yi ta'awwizi ya bar karatun Yahudu da Nasara, sai ya koma ya zauna da ita shi kaɗai, yana zaton shi ne Musulmin farko da irin wannan tunani ya taɓa ziyarta, bai san Gazali ya riga shi kwana cikin wannan hali ya kuma fita ba.

Zauren malam ma, in za a yi adalci, yana da nasa rabo cikin wannan. Falalarsa babba ce: ɗalibi yana durƙushe gaban malaminsa da littafinsa shi kaɗai, ya karanta gaɓa malam ya fassara masa da harshen da uwarsa ta yi masa magana da shi, ba ya wuce babi sai ya zauna masa, ya san wanda ya karantar da malaminsa da wanda ya karantar da wancan, kamar yadda Malam Abdullahin Gwandu ya rubuta littafi sukutum don ya lissafa shehunan da ya ɗauki ilmi wurinsu. Wannan ita ce tarbiyyar da lise ba ta da ita, domin a can malami yana canjawa da ƙarar ƙararrawa. Amma zaurukan da ake kaiwa ga Sullamu a cikinsu sun yi ƙaranci, yawancin ɗalibai suna tsayawa ga fiƙihun ibada da ɗan nahawu, tambaya mai zurfi kuwa sau da yawa akan ɗauke ta rashin ladabi. Saboda haka sharaɗin da Al'ahdari ya gindaya ya rabu biyu, gogewa da Littafi da Sunna tana wani gida, horon hankali yana wani gida, yaro yana kai da kawowa tsakaninsu da safe da maraice.

An yi ƙoƙarin haɗa gidajen nan, ba sau ɗaya ba. A Kano an buɗe Makarantar Shari'a a 1934 zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka ɗauko malamai daga Sudan, a 1947 ta zama Makarantar Nazarin Larabci, ta yaye alƙalai da malamai masu Larabci da Turanci. A nan Nijar an kafa madarasa ta farko mai haɗa Faransanci da Larabci a 1957 a Sayi, garin Alfa Muhammadu Jobbo, daga nan irinta ta bazu har ta kai matakin koleji da lise, yau kuwa da wuya ka sami unguwa a Yamai wadda babu allon wata makarantar faranko-arab a bakin hanyarta. Iyaye sun karɓe su hannu biyu biyu, kuma suna da hujja. Sai dai jera darasin fiƙihu da ƙarfe takwas da darasin filo da ƙarfe goma cikin gini ɗaya bai isa a ce an haɗa su ba, matuƙar malamin wannan bai san abin da malamin wancan ke faɗi ba, matuƙar kuma ba a taɓa ɗora tambaya guda a gaban su biyun a ce kowa ya kawo burhaninsa yara suna saurare ba.

Akwai kuma maganar harshe, wadda Farfesa Abdou Moumouni, ɗan Tasawa, masanin kimiyyar hasken rana wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya yi tun 1964 cikin littafinsa a kan ilmi a Afirka, inda ya tsaya a kan cewa ba za a gyara makarantar da aka gada daga mulkin mallaka ba sai an karantar da yara da harsunansu. An gwada haka a firamare, farawa da Damagaram a 1973, amma bai taɓa hawa zuwa ajin da muke magana a kansa ba. Lissafi yana iya jure baƙon harshe, domin alamominsa ɗaya ne ko'ina. Falsafa kuwa aikinta shi ne mutum ya binciki ma'anonin da yake rayuwa da su, yaron da ke jin kunya da Hausa ko Zabarmanci, yake tuba da su, yake roƙon gafarar mahaifiyarsa da su, in aka ce ya yi nazarin lamiri da 'yanci da Faransanci kaɗai, to, ma'anonin wasu yake jujjuyawa nasa suna ajiye. Ko babin nan na falsafar Afirka da akan karantar a ƙasashen da Faransa ta mulka, wanda ke kewaya littafin Tempels na 1945 da raddin da Hountondji da Towa suka yi, gardama ce a kan ko baƙar fata yana da falsafa tun da bai rubuta ba. Ana yin ta a birnin da cibiyar binciken ilmin ɗan Adam ta jami'arsa ke ajiye da rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami wajen 4,000, waɗanda Boubou Hama ya fara tarawa.

Ra'ayina, in an tambaye ni, shi ne kada a cire falsafa daga ajin ƙarshe, domin shubuhohin da ake gudu yanzu suna cikin wayar da ke aljihun kowane yaro, gara ya gamu da su gaban malami da ya gamu da su shi kaɗai da tsakar dare. Amma a cika mata sharaɗinta. A sa shakkar Gazali kusa da ta Descartes a bar yara su gwada inda suka haɗu da inda suka rabu, a karantar da muƙabalar Almagili da Suyuɗi a matsayin babi na tarihin tunani a ƙasar nan, a fassara wani abu na ɗan Tafa, a kuma yarda yaro ya yi muhawarar aji da harshen da yake tunani da shi kafin ya zuba ta a takarda. Wannan ba ya keta ƙa'idar raba hukuma da addini, domin wanda ya halatta a karanta Pascal da Augustin, waɗanda duk malaman Kirista ne, ba shi da hujjar hana Ibnu Rushdi. Kundin da hukuma ta zartar a 2025, wanda ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa ya mayar da Faransanci harshen aiki, ya buɗe ƙofa, amma doka ba ta rubuta littafin aji. Mushen da zai karantar da irin wannan babi sai ya iya Larabci gwargwadon buɗe Sullamu, ya iya Faransanci gwargwadon buɗe Descartes, kuma a halin yanzu jami'ar Abdou Moumouni tana yaye masu falsafa a gefe guda, Jami'ar Musulunci ta Sayi, wadda ta buɗe a 1986, tana yaye masu shari'a da Larabci a wani gefen, tsakaninsu tafiyar da ba ta kai kilomita 60 ba. Ma'aikatar ilmi ce ke da ikon zaunar da su ɗaki ɗaya su tsara manhaja, kuma lalle ne masu gyaran takardun bak su kasance cikin zaman tun daga farko, domin ɗan tarminal ba zai rubuta sunan Almagili a takardar jarrabawarsa ba sai ya tabbata mai gyara ba zai ja masa jan layi a ƙarƙashi ba.